Takardar Auna Uwaye

A shekarata ta uku a jami'a, a Yamai, aka ba mu wata takarda mai gida-gida, wato mai zanen ƴan akwatuna, aka ce kowa ya tafi garinsu ya auno ƙaunar uwa. Ilimin halayyar ɗan Adam nake karantawa, abin da mu ɗalibai muke kira siko. A garinmu Madarumfa kuwa cewa ake yi na tafi koyon aikin mahaukata. Na yi gyara har na gaji, daga baya na bar su a haka, don in an dubi wasu malamanmu maganar ba ta rasa ƙanshin gaskiya ba.

Shekarun nan ne da yajin aiki ya fi karatu yawa. Yau malamai, gobe mu, jibi a wayi gari an rufe makarantar gaba ɗaya. Littafi ɗaya ne zai yi ta zagaya ɗakunan kwananmu har bangonsa ya cire, kowa ya kwafe abin da zai iya da bik, wato biro, ya miƙa wa na gaba. Yaran da ke cikin littattafan nan duk a Turai aka haife su, suna da ɗakinsu, da gadonsu, da uwa mai zama ta karanta musu labari. Ban taɓa jin haushin haka ba a lokacin. Ina son karatun, ina jin kamar an buɗe mini taga ne ina leƙa cikin kan mutane.

Malamin da ya ba mu takardar, Mushe muke ce masa kawai, yadda ake kiran malami da Faransanci, shi ne mai koyar da mu halayyar ƙananan yara. Bahaushe ne, ya daɗe a Faransa, kuma ko garin ya yi zafin da kwalta ke narkewa ba ya cire kwat. Ya san aikinsa, wannan ba zan hana shi ba, ajinsa ne ma na fi so. Ya bayyana mana yadda za a yi: ki sami uwa mai goyon da bai kai shekara ba, ki zauna rabin awa ki zuba ido. In ta kalli idon ɗanta, ki sa alama a gida na farko. In ta kira sunansa, gida na biyu. In ta yi masa dariya, in ta ɗauke shi da zarar ya yi kuka, in ta yi masa wasa, in ta yabe shi a gaban baƙuwa, kowanne da gidansa. A ƙarshe a ƙirga alamomi a rubuta sharhi. Wannan aiki shi ne mafi nauyi a shekarar, wanda ya faɗi a kansa ba shi ba lisansi, wato digirin farko.

Na sauka gida cikin bazara, tabki ya ja baya, mutane sun bi shi da lambuna. Babana yana can tsakanin albasa da tumatir tun safe. A gida akwai Inna da ta haife ni, da Goggo, yayar babana, wadda ta riƙe ni tun daga yaye. Ni ce ƴar fari, saboda haka Goggo ce ta rungume ni tana ta surutu a kan yadda na rame. Inna ta ɗago kai daga tsintar wake, ta ce wa Goggo a ba waccan ruwa, ta mai da kanta. Haka muke tun ina ƙarama. Ba ta kiran sunana, ba ta kallona ido da ido, in tana da magana da ni ta bakin Goggo take bi, ko da ina zaune a tabarma ɗaya da ita.

Goggo ce ta yi mini jagora gida-gida, don ba a shiga ɗakin mai jego da littafin rubutu a hannu haka kawai. Matan da suka yi haihuwa uku ko huɗu ba su ba ni wahala ba. Suna cilla ɗa sama, suna yi masa kirari, suna zaginsa cikin wasa, ni kuwa ina ta cika gidaje har bik ya fara ƙarewa. Da muka zo kan masu ɗan fari sai takardata ta bushe.

Wadda ba na mantawa ita ce matar wani ɗan'uwanmu a garin Safo. Muka same ta tana surfe, ɗanta na kwance a kan zane a inuwar rumfa. Yaron ya tashi ya tsala kuka, ita kuwa ko waiwaye. Uwar mijinta ce ta ɗauke shi, ta jijjiga, ta yi ta yi mata faɗa ta zo ta ba shi nono. Sai da aka yi magana sau uku ta ajiye taɓarya, ta karɓe shi tana ɓata rai, ta juya mana baya ta fuskanci danga. Na tambaye ta sunansa, ta sunkuyar da kai, matan gidan suka kwashe da dariya, wai ƴar boko ta zo ta sa yarinya abin kunya. Rabin awa ya cika ban sa alama ko ɗaya ba.

Mun yi sallama har mun kai bakin hanya muna jiran amalanke, na tuna na bar kallabina a kan turmi. Na koma ni kaɗai. Matan sun watse, kowa ta kama aikinta. Ta wata ɓarakar danga na hango ta a bayan ɗaki, ta ɗora yaron a cinya, ta cusa hancinta a wuyansa tana shaƙa, tana ɗan cizon tafin ƙafarsa, yana ƙyaƙyatawa. Tana yi masa magana ƙasa-ƙasa, tana kuma waige-waige kada wani ya gani. Na tsaya kamar ɓarauniya, na rasa yadda zan yi da idona. Na bar musu kallabin na juya.

Da na koma Yamai na rubuta sharhina yadda na gani. Na ce masu ɗan fari sun sami alamomi kaɗan, wasu ma ba su sami komai ba, amma takardar ba ƙauna ta auna ba, kunya ta auna. Na ce a garinmu uwa ba ta nuna son ɗan fari a gaban mutane, balle a gaban baƙuwa mai rubutu, kuma yaron ba ya rasa hannu, don kaka da goggo da maƙwabta suna nan. Na kawo abin da na gani ta ɓarakar danga. Na miƙa aikin ina jin kaina, ina ganin na gano abin da littattafan Turai ba su sani ba.

Mushe ya kira ni ofishinsa. Da Faransanci ya fara, cikin ladabi, har ya yaba tsabtar aikin. Ya ce alƙaluman sun yi kyau ƙwarai, sun nuna a fili cewa ƴaƴan fari a karkara suna tashi cikin ƙarancin kulawar uwa, kuma abin da ya kamata sharhina ya faɗa ke nan. Abin da na leƙa ta danga ba ya cikin rabin awa, ba ya cikin tsarin aiki, tatsuniya ce. Na ce masa ai shi ma ya san al'adar. Ya ce ya sani sarai, amma al'ada sunan dalili ne kawai, sanin sunan ciwo ba ya warkar da shi. Jariri bai san kunya ba, abin da ya sani shi ne ya yi kuka uwarsa ba ta waiwayo ba.

Na ci gaba da gardama, don ni ba a rufe mini baki da sauƙi. Sai ya cire tabarau, ya bar Faransanci ya koma Hausa.

"Ke ta nawa ce a ɗakinku?"

Na ce ta fari.

"To ki gaya mini tsakaninki da Allah, bai taɓa yi miki ciwo ba?"

Ya taɓa wurin da bai kamata ba. Ya yi mini ciwo mana. Ranar da na ci bak, jarabawar shiga jami'a, unguwa duk ta cika gidanmu, ana guɗa, Goggo tana rawa da tsufanta, Inna ta ratso tsakiyar mutane tana tambaya ko wani ya ga rariyarta. Na shiga ɗaki na yi kuka ranar, kowa ya zaci na murna ne. Na sha kallon yadda take wasa da ƙannena, tana kiran sunayensu har da na shagwaɓa. Duk wannan gaskiya ne, kuma har yau ban ce ƙarya ba ne.

Amma a kujerar nan na gane abin da ake nema a wurina. In na rubuta jimlar da yake so, ba matar Safo kaɗai na rubuta ba, Inna na rubuta. Zan sa hannu a ƙarƙashin takardar da ke cewa matar da ta haife ni ba ta kula da ni ba, a ajiye a laburare, wasu ɗalibai su zo su kwafa da bik. Ciwona nawa ne, ni na san girmansa, kuma ban kawo shi Yamai don a ba ni maki da shi ba. Na ce masa ya yi mini ciwo, amma ba abin da takardarsa ta ce ba ne, kuma ba zan canza sharhin ba.

Bai yi fushi ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ya mai da tabarau ya ce kimiyya ba ta da uwa. Ya ba ni bakwai bisa ashirin, ya ce akwai zama na biyu bayan damina, in na gyara shafi biyun ƙarshe na wuce, in ban gyara ba in maimaita shekara. Ƴar ɗakinmu, wata ƴar Maraɗi da ubanta fasto ne, ta ce in rubuta masa abin da yake so in karɓi takardata, bayan nan in yi ta faɗin gaskiya har in gaji. Ta ce kowa haka yake yi. Na ce mata na ji, na gode.

Na yi niyyar ɓoye maganar a gida, amma Goggo ba a ɓoye mata abu. Kwana uku da zuwana hutun damina ta tatse ni tas. Washegari da hantsi muna zaune a rumfa, an yi ruwa da asuba, maza duk sun tafi noma, Inna tana gyaran zogale a faifai. Goggo ta kwashe labarin ta zuba mata, har da ƙarin gishiri, wai wani mushe mai kwat ya ce sai yarinya ta rubuta uwarta ba ta son ta kafin a ba ta takarda, yarinya ta ce ba ta yi.

Na zaci Inna za ta yi kamar ba ta ji ba. Ta ci gaba da tsige ganye na ɗan lokaci, sannan ta yi magana, idonta a kan faifai.

"Yaya, ki ce mata ta koma ta rubuta mashi abin da shike so. Ni ba Yamai nike kwana ba. In ya ce ban son ta, to ban son ta, mi za ya rage mani? Shekara guda za ta zubar saboda wagga magana?"

Goggo ta juyo za ta maimaita mini kamar yadda aka saba, na riga ta. Ban taɓa mai da wa Inna magana kai tsaye a gaban mutum ba sai ran nan.

"Inna, ba ni rubutawa."

Hannunta ya tsaya a cikin zogalen. Ba ta ɗago ba. Can ta ce wa Goggo ta ji irin taurin kan da ake faɗi, ita ba ta san inda aka gado shi ba. Goggo ta ce ita kam ta sani, ta kuma san ɗakin da ya fito. Inna ta ɗauki faifanta ta shige madafa, alhali ko wuta ba a hura ba.

Duk daminar nan ba ta sake tayar da zancen ba, amma Goggo ta sha kawo mini shi, yau da lallashi, gobe da faɗa, kuma na san ba daga cikinta yake fitowa ba. Na yi ta tunani ni ma, ba wai ban ji tsoro ba. Shekara ba wasa ba ce ga mace a wancan lokaci, ga masu cewa karatun ya isa haka, ga yajin aiki da kan iya cinye wata shekarar a banza. Amma duk lokacin da na ɗauki bik don in gwada jimlar Mushe, sai in ji hannuna ya ƙi.

Bayan damina na koma na miƙa masa aikin yadda yake, ko waƙafi ban taɓa ba. Ya buɗe shafin ƙarshe, ya karanta, ya rufe, ya ce sai baɗi ke nan. Na ce Allah ya kai mu. Na aika wasiƙa gida ta hannun wani direban garin Ɗan Isa, aka karanta musu. Da Goggo ta sami mai rubuta mata amsa, ta ce kowa lafiya, gero ya yi kyau, babana yana gaishe ni. Inna ce dai ta kwana biyu ba ta sa komai a bakinta ba, in an tambaye ta sai ta ce zazzaɓi ne.