Gadar da ta mayar mana da unguwa

Shekarun baya, lokacin ina digiri na uku a Kuala Lumpur, muna haya a wani bene a Cheras, unguwar da 'yan Afirka suka yi yawa saboda sauƙin haya. Sai aka shimfiɗa babban titi ya ratsa ta tsakiya. Kasuwa da masallaci da makarantar 'yata duk suka koma tsallake. Ina hango makarantar ta taga, amma sai mun hau bas mun zaga kafin mu isa. Masu gaggawa kuwa ta gaban motoci suke ƙetarawa da gudu, har wata rana mota ta bige maƙwabcinmu, ya karye a ƙafa.

A benenmu akwai wata dattijuwa baƙar fata 'yar Amurka mai koyar da Turanci, kowa Mama yake ce mata. Da muka je duba maƙwabcin, ta ce dole mu yi magana da hukuma.

Na ce, "Mama, mu baƙi ne fa. Da biza muke zaune, wa zai saurare mu?"

Ta ce, "'Yata, haka aka yi wa unguwarmu ina yarinya. Shagon askin mahaifina yana ƙarƙashin titi yanzu. Sai a yau jikokinmu suke fafutukar a gyara. Ba zan sake zuba ido ba."

Ita ta haɗa mu da matan Malay na tsallaken, waɗanda su ma iyayensu tsofaffi sun daina zuwa asibitin da ke ɓangarenmu. Muka riƙa zama a shagon mamak, wato wurin shan shayi da cin abinci, har muka samu jami'in ƙaramar hukuma ya yarda ya zo ya same mu a bakin titin.

Ni aka zaɓa in yi jawabi, wai ni ce mai dogon karatu. Na haddace Turanci mai nauyi. Da mutumin ya tsaya a gabana, komai ya gudu daga kaina. Sai kawai na miƙa masa hannun keken jaririna na ce, "Yallaɓai, bismillah, kai shi wancan ɓangaren."

Ya riƙe keken, ya dubi motocin da ke wucewa kamar iska, ya dubi jaririn. Daga nan ya ce a hankali, "Tak boleh," wato ba zai yiwu a ƙetara ta nan ba.

Aikin bai zo da wuri ba, mun sha zirga-zirga ofis-ofis. Sai dab da kammala karatuna aka buɗe gadar masu tafiya a ƙasa. Mama ba ta gan ta ba, rashin lafiya ya mayar da ita gida. Na kira ta ta bidiyo ina tafe a kai, tana kallo tana share hawaye, tana cewa in rage sauri.

Har yau in na tuna ta, addu'a nake mata. Na je ƙasar ne neman takarda, ita kuma ta koya mini cewa inda 'ya'yanka suke kwana, kana da bakin magana a wurin. Allah ya saka miki da alheri, Mama.