Inna Laraba da Sarkin da Aka Tsallake

Da an idar da sallar Asuba Inna Laraba take hura wutar banda. Kafin hantsi ta juya kifi sau biyu, ta yi wa jikoki faɗa sau goma. Ran kasuwa kuma ta shiga kwale-kwale zuwa Yelwa da kwandonta. Baƙo zai ce mai banda ce kawai. Mu mutanen Tungan Dorina mun san tarihin gidan Sarkin Ruwanmu a kanta yake zaune.

A tsibiri aka haife ta, kafin ruwan Kainji ya cinye tsohon garin har da kaburburansa. Wurin kakarta ta haddace jerin sarakunan, kowanne da sunan uwarsa da garin da aka auro ta. Ita ma gidan sarautar ta yi aure. Ba ta taɓa riƙe alƙalami ba.

Bara Sarkin Ruwa Audu ya rasu. Masu zaɓe suka zauna ƙofar gidan dagaci, aka ɗauko takardar da wani magatakarda ya rubuta bayan tashin gari. Sarakuna goma ne a ciki har da Audu, kuma bisa ita gida ɗaya ke da gado. Babba a gidan shi ne Shu'aibu, ɗan farin Inna Laraba. Har an fara yi masa murna.

Sai wani masunci, Jamilu, ya tashi ya ce a sa shi cikin masu nema, don kakansa Sahabi ya yi sarauta. Aka bushe da dariya. Wani ya ce, "Sarautar mi? Ta ƙwarya?"

Jama'a da dama sun ga abin da ya biyo baya. Inna Laraba ta ratso maza, zanenta na warin hayaƙi, ta ce, "Goma sha ɗaya ne. Sahabi ɗan Mariya ta Shanga shi ne na tara. Ya ƙi barin tsibiri har ruwa ya shiga ɗakinshi, aka tuɓe shi, masu rubutu suka tsallake sunan."

Shu'aibu ya sunkuyo ya ce a hankali, "Inna, ni fa kika haifa."

Ta ce, "Na sani. Ni na sha naƙudar."

Ta ce a fito da mashin sarauta, wanda kowane Sarkin Ruwa ke sa wa zoben tagulla ɗaya ranar naɗinsa. Liman ya ƙirga, ya sake ƙirgawa da yatsa. Goma sha ɗaya. Wasu tsofaffi da suka san zancen amma suka yi shiru tun shekara hamsin, sai kallon ƙasa.

Masu zaɓe suka ba Jamilu sarautar. Kwana arba'in Shu'aibu bai taka gidan uwarsa ba. Ta rame, mun gani, amma ba ta aika a roƙe shi ba. Da ya gaji ya zo ya durƙusa, abin da ta ce kawai shi ne, "Ka gama fushin? To ga itace can, faskara mani." Ranar naɗi, shi ya ɗauko mashin da hannunsa ya miƙa wa Jamilu.

Inna, ke ce kika maido wa gida guda kakansu. Rumbun asali, mai faɗin gaskiya ko a kan ɗan cikinta. Da kin yi shiru ranar nan, yau ke ce uwar sarki, kuma ba wanda zai zarge ki. Mun gode. Allah Ya ƙara lafiya, Ya sa ki gama da duniya lafiya.

Ku kuma 'yan'uwana matasa, daga Ngaski har Shanga, kowane gari yana da irinta, kuma ba yara ba ne. Ku je ku zauna gabansu da wayoyin nan naku tun suna iya magana. Ku fara da tambayar sunan uwar kakanku. Ni da aka tambaye ni, ban sani ba.