Rabin Saniyar Malam Abatcha

Malam Abatcha ɗan dillalin shanu ne, haifaffen unguwar Hausari a Potiskum. Shekara biyu kacal ya yi a makarantar Midil ta Maiduguri mahaifinsa ya rasu, aka dawo da shi gida babu takardar shaida. Abin da ya tsira da shi guda ne, wato aljabara, lissafin nan da ake sa harafi a madadin adadin da ba a sani ba. Da shi ya sami koyarwa a makarantar En'e, wato ta hukumar gargajiya, ya shekara tara yana shan ƙurar alli. Mutum ne mai kunya har ta yi masa yawa. Ko akuya ce ta shigo aji, sai ka ga kamar zai ba ta haƙuri kafin ya kore ta.

A shekarar 1954 aka turo sababbin malamai masu takarda, aka ce cikin marasa takarda mutum ɗaya za a bari, a tura shi kwas, saura kowa ya kama gabansa. Baturen makaranta ne zai zo ya zaɓa da kansa. Abatcha na da mata, Meram, da 'ya'ya huɗu da tsohuwa, kuma ba shi da gona ko ta shuka kuɓewa. Tun da aka faɗi ranar, tuwo ya daina wuce masa.

Ranar Laraba da hantsi motar Bature ta tsaya a gindin darbejiya. Hedimasta, Malam Modu, ya rako shi ajin manya yana ta gyaran hula. Baturen dogo ne, wuyansa ya yi ja don zafi, yana jin Hausa irin tasu. Ya zauna a kujerar malami, bai buɗe littafi ba, ya ce, "Malam, rubuta. Wani mutum yana da shanu da kaji. Kawuna ashirin. Ƙafafu hamsin da biyar. Shanu nawa, kaji nawa? Nuna wa yara."

Zuciyar Abatcha ta yi sanyi, don wannan abincinsa ne. Ya sa x a madadin shanu, y a madadin kaji. Layin farko, x da y sun zama ashirin. Layi na biyu, x huɗu da y biyu sun zama hamsin da biyar. Ya ninka layin farko sau biyu ya zama arba'in, ya ɗebe shi daga na biyu, kajin suka fita daga lissafi, ya rage x biyu daidai da goma sha biyar. Nan allin ya tsaya masa a hannu.

Saniya bakwai da rabi. Ya sake bi daga sama cikin ransa, bakwai da rabi dai. Shi da ya tashi a Kasuwar Shanu ya san rabin saniya sai a rumfar mahauta, ba ta yawo a garke. Nan take ya gano inda matsalar take: da hamsin da shida aka ce, da amsa ta fito sumul, shanu takwas, kaji goma sha biyu. Lallai bakin Bature ne ya zame.

Yara talatin sun zuba masa ido, Malam Modu na tsaye a bakin ƙofa. To ya za a yi? A gidansu ba a gyara wa baƙo magana a gaban mutane. Yana yaro ya taɓa ce wa wani falke ya yi kuskure wajen ƙirga bijimai, mahaifinsa ya wanke shi da mari a tsakiyar kasuwa, duk da cewa shi ke da gaskiya. Balle wannan baƙo babba ne, mai mulki, kuma a gaban 'yan makaranta. A ganin Abatcha, mutumin kirki rufa masa asiri zai yi, shi kuma baƙon ya gane a ransa ya gode.

Ya kare allo da jikinsa, ya sa gefen hannun riga ya shafe goma sha biyar, ya rubuta goma sha shida. Ya juyo ya ce, "Ranka ya daɗe, shanu takwas, kaji goma sha biyu."

Bature ya miƙe, ya karɓi allin. Ya ƙirga ƙafafun shanu takwas, talatin da biyu. Na kaji, ashirin da huɗu. Ya haɗa, ya ja layi a ƙarƙashin hamsin da shida.

"Ni hamsin da biyar na ce. Da gangan na ce. Ina so in ga malami wanda zai gaya mini wannan lissafi ba ya yiwuwa." Ya dube shi. "Ba ka gani ba, Malam?"

Amsar na bakinsa. Amma in ya ce ya gani, ya shaida a gaban ɗalibansa cewa ya rubuta ƙarya da saninsa. Ya dubi allon, wurin da ya shafe ya shafu tas. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe." Bature ya yi ɗan rubutu a littafinsa ya wuce aji na gaba.

Bayan mako uku takarda ta zo, ba sunansa a ciki. Ya koma tashar mota yana rubuta wa mutane wasiƙa, sana'ar da ya yi har ganinsa ya raunana. Abin ya ci shi ƙwarai, bai kuma taɓa yi wa kowa bayani ba sai Meram, ranar da ya dawo gida da littattafansa ɗaure cikin rawani. Tana tankaɗe ta saurare shi har ya gama, ta ajiye rariya.

"Malam, wato ka san amsar?"

"Na sani."

"Shi wanda ka rufa wa asirin, ya san ka rufa masa?"

Abatcha ya daɗe yana kallon hannun rigarsa. Ya ce, "Bai sani ba."