Fuskar da Bahaguwa Ta Kintata

Bahaguwa ake ce mata tun tana ƙarama, saboda da hagu take riƙe buroshi a shagon mahaifinta, mai rubuta allunan shaguna. Shi so ya yi ta gaji haruffa, ita kuwa fuskoki ne suka ɗauke mata hankali. Mutum zai zo karɓar allonsa ya tarar an zana shi a bayan kwalin fenti, har da giɓinsa. Da tsohon ya rasu ta riƙe shagon, wani ɗan lungu a ƙarƙashin matakalar bene, ta bar alluna ta koma zanen fuska da fensir da gawayi. Yawanci hoton mamaci ake kawo mata, ƙarami, duk ya koɗe, ta mayar da shi babba. Mijinta kan tsokane ta, wai ta fi jikokin unguwa sanin kakanninsu.

Wata rana wata mai ɗinki ta shigo, ta zauna ba tare da an ce ta zauna ba, ta kwance gefen mayafinta ta ciro hoton wani yaro.

"Ɗana ne. A tashar mota ya ɓata yana ɗan shekara shida. Na juya in karɓi kaya, na waigo babu shi. Yanzu ya isa saurayi. So nake ki zana min shi yadda yake yau."

"Yaya, ni abin da idona ya gani nake zanawa," in ji Bahaguwa. "Wannan ai gaibu ne."

"To kalle ni. Gobe in kawo miki ubansa ki kalla. Ba daga jikinmu ya fito ba?"

Ta so ta ƙi, amma matar ta kafe ta da ido har ta rasa ta inda za ta fara. Washegari uban ya zo, direba ne, ya zauna kamar dutse. Bahaguwa ta ɗauki goshin uwar, ta ɗauki haɓar uban, ta bar idanun yadda suke a hoto. Tana zane mai ɗinkin tana ba ta labarin yaron: yana tsoron kyanwa, ba ya barci sai ya riƙe kunnenta, yana da tabon dutsen guga a damtsensa na hagu. Da aka gama, uban ya dubi takardar ya tashi ya fita. Uwar kuwa ta kai aka buga mata da yawa, ta bi turakun lantarki da bangon tasha tana liƙawa.

An daɗe shiru. Rana ta cinye wasu takardun, ruwa ya wanke wasu, uwar kuma tana sake liƙa sababbi.

Ran nan da hantsi ƙanin mai ɗinkin ya faɗo shagon yana haki.

"Anti, an gan shi! Yana garejin bayan kasuwa. Yaya ta ce ki zo ki shaida."

"In shaida me?"

"Ke kika zana shi mana! An ma kama wanda ya sace shi."

Ko shagon ba ta rufe ba ta bi shi.

Tun daga bakin layi take jin hayaniya. Mutane sun cika garejin, wasu har kan motocin da ake gyara. An matse wani dattijon bakanike a jikin wata mota, rigarsa a yage, leɓensa yana jini. A gefe ga wani saurayi, hannuwansa baƙi ƙirin da man inji, mai ɗinkin ta cukuikuye masa riga tana kiran sa da sunan da ba ya amsawa.

"Jama'a, don Allah ku sake shi!" saurayin yake ta ihu. "Ubana ne! Wallahi ubana ne!"

"Haka aka koya masa," wani ya ce. "Ku dubi hoton mana!"

Zanen Bahaguwa ne a hannun mutumin, ya ɗaga shi sama kowa yana gani. Bahaguwa ta dubi takardar, ta dubi saurayin. Kamar ya zauna a gabanta ta zana shi. Goshin, haɓar, har yadda gira ɗaya ta ɗan fi ɗaya tashi, abin da ita kanta ba ta san dalilin da ya sa ta yi shi ba.

"Ga mai zanen nan! Ku ba ta hanya!"

Aka tura ta gaba. Ta hango wani matashi ya sunkuya ya ɗauki ƙarfen kwance taya. Bakaniken ya ɗago ya dube ta, bai roƙe ta ba, kallo kawai.

"Ƙanwata, faɗa musu," in ji mai ɗinkin. "Shi ne ko?"

Bahaguwa ta juyo ta fuskance ta.

"Ban taɓa ganin ɗanki ba, Yaya. Wannan fuskar ni na haɗa ta. Goshinki ne, haɓar mijinki ce. Sauran kintace na yi."

"Ƙarya take!" wani ya yi tsawa daga baya. "An saye ta!"

Aka fara matsowa, wani ya fizgi mayafinta. Ta riƙe hannun mai ɗinkin gam.

"Akwai abin da kika faɗa min wanda ban zana ba. Tabon dutsen guga. Ki duba da kanki."

Mai ɗinkin ta tsaya. Ba ta so, kowa ya ga ba ta so. Saurayin ne ya fizge, ya cire rigar gaba ɗaya ya jefar, ya miƙa mata hannun hagu, ya miƙa na dama. Ta shafa damtsen, ta juya shi, ta kai fuska kusa, ta goge man inji da gefen mayafinta ta sake dubawa. Fata lafiya lau. Sai ta zame ta zauna a ƙasa cikin baƙin mai.

Wanda ya ɗauki ƙarfe ya ajiye shi a hankali. Masu ihu suka fara sulalewa, kowa ya tuna yana da aiki.

Bahaguwa ta yi kwanaki ba ta taɓa fensir ba. Mijinta ya ce ba ita ta daki kowa ba. Ta ce ta sani, amma takardarta aka ɗaga. Daga baya ta nemi gidan bakaniken ta je gaishe shi. Ta same shi a tabarma, ido ɗaya a rufe da kumburi, matarsa ko ruwa ba ta kawo mata ba.

"Baba, na zo ne in ba da haƙuri."

Ya juyo ya dube ta. Sannan ya ce, "Kin zo da kayan aikinki?"

"Suna jaka."

"To zana ni. Yadda nake ɗin nan. Kada ki gyara komai."

Ta fara, ta danna gawayin har ya karye. Bai motsa ba, bai kau da kai ba. Ta sa kumburin, ta sa tsagar leɓen, ta sa furfurar da jini ya bushe a ciki. Da ta miƙa masa ya kai kusa da idon mai gani, ya gyaɗa kai.

"Wannan kam ni ne."

Da ya warke ya sa aka yi wa zanen gilashi ya rataye a garejin, saitin ƙofa. Wasu daga cikin waɗanda suka dake shi har yau suna kawo masa gyara, kuma a ƙarƙashinsa suke tsayawa su jira.

Mai ɗinkin ba ta sake shiga shagon ba. Takan wuce ta gaban benen da ƙunshin ɗinki a kai, Bahaguwa ta ce, "Sannu, Yaya." Wani lokaci ta amsa, wani lokaci ta wuce.