Gaisuwar Tsaye

Abin da ya fi ɗaure mini kai bayan an yi mini aikin ƙashin baya shi ne, gadon bayan bai cika damuna ba. Ƙafar hagu ce ta ɗauki rigimar. Wuƙa ba ta taɓa ta ba, amma ita ke zogi. Yau kamar tururuwa na yawo a tafinta, gobe kamar an ɗiga mini tafasasshen ruwa a babban yatsa, in duba in ga fata lafiya lau. Na tambayi likita, ya ce jijiya kamar wayar lantarki ce, matsalar tana can kan falwaya, ƙwan ɗaki ne ke ta ƙiftawa. Bayanin ya burge ni, sai dai bai rage komai ba.

Da zaman gida ya ishe ni, sai na shiga nazarin ƙafar. Na gano ba ta son kujerar roba, ba ta son atishawa, amma tana lafawa idan na yi ta zagaya tsakar gida. Likita kuma ya kafa mini doka: ba sunkuyawa, ba tsugunawa, sai ya ba da izini.

Sallah ba ta ba ni wahala ba, malamai sun ce in yi a kujera. Gaida Inna ce ba wanda ya ba ni fatawa a kanta.

Mahaifiyata ta haura tamanin, tana gidanmu na gado a Ƙofar Marusa, kuma a tabarma take zama. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta kama sunana, ko asibiti ba ta je ba, kunu ta riƙa aikowa. Shekarata hamsin da biyu ban taɓa gaishe ta a tsaye ba. Da na tuna zan tsaya ƙiƙam a kanta kamar mai karatun mita, sai kunya ta rufe ni. Na koma gaishe ta ta waya, na ce an hana ni shiga mota. Ƙarya nake, kuma mako bakwai na yi ina yin ta.

Rannan ta aiko ƙanwata da saƙo, wai in zo ko a kwance ne.

Na je ranar Juma'a da la'asar. Na yi sallama, na tuɓe takalmi, kafin in yi shawara da kowa gwiwoyina sun lanƙwashe da kansu. Wuta ta taso daga ƙugu har yatsa. Na maƙale a tsakiya, ban kai ƙasa ba, ban iya miƙewa ba, na rungume ƙyauren ɗaki ina gumi.

"Kai, mi kake yi haka?" in ji Inna.

"Gaisuwa, Inna."

"Don wanga abu ka ƙi zuwa? Ni ina nan ina cewa ƙahwar suka yanke aka ɓoye mani."

Wallahi ban taɓa kawo wannan a raina ba. Na ji haushin kaina ƙwarai.

Ƙanwata ta ɗago ni. Ina cikin mayar da numfashi na ga Inna ta dafa bango, ta miƙe a hankali, gwiwoyinta na ƙara. Ta gyara mayafi, ta kau da kai gefe.

"To, gaishe ni."

Muka gaisa a tsaye. Ranar na san ashe kanta iyakar ƙirjina yake.

Shekara biyu ke nan, ƙafar na nan da halinta, tsuguno bai dawo ba. Da Inna ta ji sallamata sai ta kama bango, na roƙe ta ta daina miƙewa har na gaji. Ni ina gaggauta gaisuwar saboda ina ganin ƙafafunta na rawa. Ita kuwa sai ta tambayi yarana ɗaya bayan ɗaya, su shida, kafin ta yarda ta zauna.