Telan da Ya Ƙi Yarda da Likita

Yayana tela ne, kuma duk unguwa Sai Gobe ake kiransa. Ka kai masa yadi, zai gwada ka da igiyar awo, ya rantse maka gobe ka zo, ka juya baya ya jefa kayanka kan tulin da ke bayan keken ɗinkinsa. A ƙasan tulin nan akwai wata atamfa shuɗiya ta matarsa, wadda muke kira Anti. Tun ɗansu na fari yana rarrafe ta ba shi ita.

Ya yi shekara da shekaru yana fama da gyambon ciki. Ya sha magani ya lafa, ya dawo, ga gudawa, ga rama. Dangi suka ɗora laifin kan girkin Anti, ita kuwa ta ci gaba da raka shi asibiti. Daga baya aka gano wani ɗan ƙari a farkon hanjinsa, mai fitar da sinadarin da ke sa ciki ya yi ta zubo ruwan tsami har ya ci kansa. Aka yi masa aiki aka cire.

Ni da Anti muka raka shi jin sakamako. Likitar ta ce irin wannan ƙari a hankali yake girma, abin tsoro shi ne ya kai hanta, kuma tasa hantar lafiya lau.

Yaya ya ce, "Likita, ki faɗa mini gaskiya, saura nawa?"

Ta ce, "Baba, ba ni da ranar da zan ba ka. Masu irin naka da yawa suna daɗewa ƙwarai. Amma yakan dawo, don haka ka riƙa zuwa muna dubawa."

Muna fita ya ce mana tasa ta ƙare. Na ce wace irin magana ce wannan, ba ka ji abin da ta ce ba?

Ya ce, "Ke ba ki san aiki ba. Ni idan na ce wa mutum ya riƙa leƙowa, ko yanka yadinsa ban yi ba. Na ga idonta."

Wato mutumin da bai taɓa cika alkawari ba, shi ne ya auna likita da igiyar awonsa. Na yi faɗa har na gaji. Washegari ya buɗe shago da sassafe, ya ce ba zai mutu da amanar mutane a wuyansa ba. Ya ɗinke tulin nan kaf, ban da atamfar Anti. Har gida ya bi wani mutum da rigar da ya manta ya taɓa bayarwa, mutumin ya yi ƙibar da ko hannunsa ba ya shiga. Labari ya bazu cewa Sai Gobe ya koma sai yau, aiki ya yi ta shigowa, shi kuma kowane yadi yana ganin shi ne na ƙarshe.

Anti takan ɗago atamfarta ta ce, "Maigida, tawa fa?"

Sai ya ce, "Ke ai kina nan. Bari in sallami na waje, kada su bi ni kabari da ƙorafi."

Ta yi dariya ta mayar. Duk ranar ganin likita ita ke riƙe masa jaka a layin asibiti, a ɗauki hoton cikinsa a ce babu komai, ya fito yana girgiza kai wai ɓoye masa ake yi. Haka aka yi ta yi har yaransu suka girma. Ba wanda ya taɓa cewa a auna jinin Anti, har da ni, kuma abin yana ci mini rai har yau.

Wata safiya ta faɗi a bakin famfo tana wanki. Kafin a kai ta asibitin da ta san kowane benci a cikinsa, rai ya yi halinsa. Aka ce hawan jini ne.

Bayan an watse daga zaman makoki ya koma shago, ya ciro atamfar. Bai nemi igiyar awo ba, ya san awonta da ka. Ya ɗinka riga da zani, ya goge, ya rataye a jikin ƙusa kusa da taga. Yanzu furfura ta cika kansa, hantarsa kuma har yanzu lafiya lau. Masu kawo ɗinki sukan ga shuɗiyar rigar su yaba, su tambayi ta wace ce.

Yakan ce, "Na gama. Ba a zo karɓa ba."