Mutumin da Na Bi a Hanyar Mashi

Ana sallame sallar asuba muka ɗaure kekuna biyu a saman mota, muka bar Kano. Mu uku ne: ni, da abokin atisayena, da ɗan ƙanwar mahaifiyata, wanda ke tuƙi, kuma a gidansu za mu sauka a Daura. Masu bibiyata sun san ina cikin 'yan tsirarun da ke wahalar da kansu da gasar nan mai wasa uku a jere, ninkaya da keke da gudu. Sun kuma san bara mai babur ya kwashe ni a titi, na yi watanni ina dogara sanda. Gwiwar ta warke, ninkaya da keke sun dawo, amma gudu ya ƙi. Da na ɗan ƙara sauri sai zuciyata ta ce ƙafar za ta ɓalle, in koma sassarfa kamar wanda aka aika cefane. Shi ya sa abokina ya ce mu fita daga hayaƙin birni, ko zan saki jiki.

Damina ta zauna sosai. Daga Ɗambatta har duwatsun Kazaure ko'ina kore shar. A wani shinge wani jami'i ya daɗe yana kallon saman motar, sannan ya tambaye mu ko rashin yarda da injin ne ya sa muka taho da kekuna. Muka yi dariya, ya ɗaga mana hannu.

A Daura Inna, ƙanwar mahaifiyar tawa, ta tarbe mu da fura mai kauri da nonon da bai san ruwa ba, irin wanda a Kano sai mai rabo, ga kuma araha. Da ta ga gajeren wandon guduna a kan igiya sai ta ce, "Ɗan nan, ba dai da wannan za ka fita ba? Nan ba a yawo da gwiwa a waje." Na ninke shi na mayar jaka. Da yamma muka je wani dam a bayan gari, na yi ninkaya masunta na kallona kamar sabon kamu.

Washegari, gari na fara haske, muka ɗauki hanyar Mashi, muka saki kwalta muka shiga wani burji da ya ratsa gonaki. Ɗan'uwana ya tsaya da mota a bakin titi. Ni ina gudu, abokina na biye da ni a keke da gorar ruwa. Ba mu yi nisa ba sarƙar kekensa ta zame, ya ce in ci gaba zai cim mini.

An yi ruwa cikin dare, ƙasa ta yi laushi. Gero ya fi ni tsawo dama da hagu, ba na ganin komai sai hanyar da sararin sama. Abin da na fara lura da shi shi ne shiru. Babu kurciya, babu zakara, babu ko kukan jaki, alhali tun fitowarmu su ke cika mana kunne. Numfashina kawai nake ji.

Da na sha wata kwana sai na hango mutum a gabana yana gudu. Dogo ne siriri, da wata koɗaɗɗiyar taguwa fara, ba takalmi, ba hula. Ba gudun wanda aka koro yake yi ba, ba kuma na mai sauri zuwa gona ba. Gudu ne mai tsari, kafaɗu a sake, ƙafa na sauka a hankali, irin wanda na shekara ina nema. Na ji daɗi na samu abokin hanya. Na ɗaga murya na yi masa sallama. Bai amsa ba, bai waiwayo ba.

Na ce bari in matsa kusa, wataƙila bai ji ba. Na ƙara sauri. Tazarar da ke tsakaninmu ba ta ragu ba. Na ƙara, tana nan yadda take. Na ɗan sassauta don in gwada, wallahi shi ma ya sassauta, ba tare da ya juyo ba. A nan ya kamata in tsaya. Amma wani abu ya shiga kaina, na manta da gwiwa, na manta da abokina, ba abin da nake so a duniya sai in ga fuskar mutumin nan. Na saki ƙafa kamar yadda ban taɓa yi ba tun kafin hatsarin.

Gonakin suka ƙare, muka fito wani kufai: rusassun katangu, da wata katuwar kuka, da ciyawa har ƙugu. Mutumin ya bar hanya ya faɗa cikin ciyawar. Na karkata zan bi shi.

"Kai, samari! Tsaya nan!"

Wata dattijuwar Bafulatana ce da ƙwarya a kai, ta fito ta bayan kukar. Yadda ta daka tsawar ya sa na ci birki har na durƙusa. Ta nuna gabana da baki. Na sa hannu na buɗa ciyawar. Tsohuwar rijiya ce, bakinta ya zube, ba murfi, ba itace a kai. Na jefa tsakuwa, na daɗe ina saurare kafin in ji ta taɓa ruwa. Da na ƙara taku kaɗan, da yanzu wani ne ke ba ku wannan labari.

Na ce, "Inna, mutumin da ya wuce yanzu fa?"

Ta dube ni, ta dubi ciyawar da ke tsaye cak ba alamar an ratsa ta. Ta ce, "Ka yi masa sallama?"

"Na yi."

"Ya amsa?"

"A'a."

"To ka gode wa Allah. Koma inda ka fito." Ta gyara ƙwaryarta ta wuce.

Abokina ya iso yana haki. Ya ce ya hango ni daga nesa ina sheƙa gudu, ya yi ta ƙwala mini kira ban juyo ba. Na tambaye shi wanda ke gabana. Ya ce shi dai ni kaɗai ya gani, amma wataƙila geron ne ya kare masa. Ɗan'uwana ya ce ƙila wani mai taɓin hankali ne da ya san hanyar. Da muka koma gida kuwa, Inna ta sa na karanta Falaƙi da Nasi, ta kuma hana mu fita washegari.

Mun dawo Kano lafiya. Agogon hannuna ya nuna ban taɓa gudu irin na safiyar nan ba, kuma gwiwar ko ƙaiƙayi ba ta yi ba. Ashe tuntuni ƙafar ta warke, tsoro ne ya rage, kuma tun daga ranar saurina ya dawo. Sai dai ba na murna da yadda na gano hakan. Yanzu ba na fita ni kaɗai, ba na gudu a hanyar da ban taka ta da rana ba. In kuma na hango wani a gabana yana gudu mai kyau, sai in rage sauri, in bar shi ya tafi.